Aikin Garka: Gayyar Yankan Inabi

Inabi ba albasa ba ne. Manomin Galmi ya san albasa tana yin watanni cikin rudu, tana jiran kuɗi su hau. Inabi kuwa, cikin zafin ƙasarmu, kwana biyu ko uku da yanka ya fara yaushi.

A Kudan, kusa da Zariya, manoma da yawa suna noman inabi bisa rumfa. Mutanen Timiya, cikin duwatsun Abzin, su ma suna da shi. A Konni, Malbaza da Illela, wanda ya dasa gindi kaɗan bakin rijiya zai bukaci hannun maƙwabta, don a yanke a rana ɗaya.

Kafin ya kira gayya, mai garka ya ciri ƙwaya daga ƙasan nonon inabi ya ɗanɗana. In da tsami, ya dakata. Mangwaro yana nuna cikin kwando, amma inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an yanke shi. Kuma ya sami mai saye tun da wuri.

Ranar gayya a fito bayan sallar asuba. A yanka da almakashi, ban da fizga. A jera cikin kwando marar zurfi, ba buhu ba, kuma kada a wanke, don jiƙaƙƙen inabi yana saurin ruɓewa. Yara su kai kwanduna inuwa, amma a sa musu ido. Wanda ya fashe ba na kasuwa ba ne, a raba wa ƴan gayya lokacin shan fura.