Henri Lhote ya "gano" zanen Tasili, to wa ya nuna masa hanya?

Ƴan uwa, tun a lakwal aka cusa muna sunayen Turawan da wai suka "gano" Sahara. Yau mu ɗauki guda mu auna shi da adalci: Henri Lhote, Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, an haife shi a 1903, ya rasu a 1991.

A 1956 ya ja tawagar masu zane zuwa duwatsun Tasili, a kudu maso gabashin Aljeriya. Suka share watanni suna kwafar hotunan da mutanen dā suka zana a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce: garken shanu, makiyaya, raƙuman dawa, tun zamanin da hamada take da ruwa da ciyawa. Aka baje kwafin a Paris, littafinsa na 1958 ya zaga duniya. Nan ƙasarmu ma ya yi aiki: ya tattara zanen duwatsun Abzin, ya kuma yi tono a Marandet, kudu da Agadas, inda ya samu dubban ƴan kasaken narka tagulla. Wannan wahala ce, ba mu hana shi ladarsa.

Amma fa akwai saura. Tawagarsa takan jiƙa zanen da ruwa don launi ya fito, abin da ya lahanta wasu. Daga baya aka tabbatar cewa wasu hotuna masu kama da na Masar, da suka shiga littafin, yaransa ne suka ƙirƙire su. Me ya sa ya yarda da su? A ganina, don zamaninsa bai shirya yarda cewa mutanen wurin za su iya wannan gwaninta ba tare da malami daga waje ba. Sannan wanda ya san kowane lungu, ya kai shi har gindin duwatsun, wani Ba'abzine ne mai suna Jebrine. Mu nawa muka taɓa jin sunansa?

Zagin Lhote a Facebook abu ne mai sauƙi, kuma wallahi ba ya kare dutse ko ɗaya. Mu fa, me muka yi? A 1983 ɗan ƙasarmu Boubé Gado ya yi tono a Bura, can yammacin ƙasa. Da duniya ta ga kyan gumakan yumɓun, sai ɓarayi suka afka wa kufan yankin, kuma hannun da ya riƙe diga galibi namu ne, talauci ya tura shi.

Saboda haka mu nemi gwamnati ta ware kuɗin bincike ma jami'o'inmu, a biya masu gadin kufai, a riƙa rubuta sunan ɗan jagora kusa da na mai digiri. Kai kuma da ke Yamai, yaushe rabonka da gidan tarihi na Boubou Hama? Ja ƙanenka ku je wannan Asabar ɗin.