Alƙalamin Azurfa da Gidan Gilashi

A fitowar yau za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa kasuwar wani kaya da yawancinmu ba za mu taɓa saya ba, amma labarinsa ya shafi abin da ke cikin jakar kowane ɗan makaranta.

A ƙasashen Turai har yanzu akwai masu sana'ar da ke ƙera alƙalami mai shan tawada da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Sukan lulluɓe jikinsa da azurfa, su sassaƙa masa ado, su yi bakinsa da zinariya, a ɗiga wani ƙarfe mai tauri a tsininsa don kada takarda ta cinye shi, sannan a tsaga shi, a goge har ya riƙa tafiya sumul. Ba a yin su da yawa. Kowane ɗaya yana ɗauke da lambarsa, idan adadin ya cika sai a rufe. Kamfanin Montblanc na birnin Hambug a Jamus, alal misali, ya saba fitar da wasu guda 4,810 kacal, daidai da tsawon dutsen da ya ari sunansa a ma'aunin mita. Kuɗin ɗaya yakan ciyar da gida watanni. Cikin irin waɗannan alƙaluma akwai waɗanda aka yi musamman don tunawa da manyan bukukuwan baje kolin masana'antu na da, kuma wanda aka fi waiwaya shi ne na Landan na shekarar 1851.

Wancan biki ya cancanci a tuna da shi. Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe shi ranar 1 ga Mayu, a filin shaƙatawa na Hyde Park, cikin wani gini na ƙarfe da gilashi wanda tsawonsa ya haura mita 560. Wanda ya zana ginin, Joseph Paxton, asalinsa mai lambu ne, daga rumfunan gilashi na rainon tsirrai ya samo dabararsa. Kafin a rufe a watan Oktoba an shiga wurin kimanin sau miliyan 6, domin a wasu ranakun mako an sauke kuɗin shiga zuwa sule ɗaya, har leburori suka samu suka ga injunan saƙa da na buga littattafai suna aiki a gabansu.

To, a nan ne abin ya ba mu mamaki. Saƙon wancan biki shi ne cewa inji ya zo, kuma abin da a da sai mai hali yake mallaka, yanzu zai isa hannun talaka. Babu kayan da ya fi alƙalami tabbatar da haka. Kafin lokacin, Turawa da gashin dinya suke rubutu, a fiƙe shi da wuƙa kamar yadda almajiri ke fiƙe alƙalamin kara, ya dakushe a sake fiƙewa. Sai maƙeran birnin Bamingham, irin su Joseph Gillott da Josiah Mason, suka gano yadda za a riƙa yanko bakin alƙalami daga fallen ƙarfe da inji, dubbai a yini. Mata ne suka fi yawa a waɗannan masana'antu. Farashi ya faɗi warwas, kuma a tsakiyar wancan ƙarni wannan gari ɗaya ne ke samar da mafi yawan bakin alƙalamin ƙarfe na duniya. Shi Gillott ɗin ma ya baje kayansa a gidan gilashin. Da wannan ɗan ƙarfe mai araha ƴaƴan masu aikin ƙarfi suka koyi rubuta sunansu. Ashe ke nan alƙalamin azurfa mai lamba, wanda tsadarsa da ƙarancinsa su ne abin taƙamarsa, yana tunawa da bikin ne ta hanyar juya masa baya.

Shi kansa alƙalami mai riƙe tawada a cikinsa bai nuna ba tukuna a 1851. An daɗe ana gwadawa, yana yoyo ko ya ƙafe. Matsalar ita ce iska: sai ta samu hanyar shiga kafin tawada ta sauko daidai wa daida. A 1884 ne Lewis Waterman na birnin Niyok ya yi rajistar wata dabara ta ƴan siraran tsagogi a ƙarƙashin baki, tawada na bin su tana sauka, iska na hawa. Ba za mu wuce ba sai mun ambaci cewa burin ya girme shi da ƙarnuka. Alƙali Nu'man ya ba da labarin yadda a ƙarni na 10 halifan Faɗimiyya al-Mu'izz ya nemi a yi masa alƙalamin da ba ya bukatar gidan tawada, ba ya kuma ɓata hannu ko riga, aka kuwa ƙera masa na zinariya.

Akwai kuma abin da mai sassaƙa ba ya zanawa a jikin azurfa. Cikin abubuwan da jama'a suka fi yi wa layi a 1851 har da lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda Ingilishi suka karɓe daga hannun yaron sarkin Panjab bayan sun ci ƙasar a 1849. Bukukuwan da suka biyo baya sun ƙara fito da wannan fuska fili. A Wembli, a 1924, an gina birni mai ganuwa irin na ƙasar Hausa, aka kwaso masu sana'ar hannu daga Afirka ta Yamma suna aiki ƴan kallo na kewaye da su, har ɗaliban Afirka da ke Landan suka yi ƙorafin yadda jaridu ke wulaƙanta su. A Faris, a 1931, an tayar da gini mai kama da masallacin Jenne a dajin Bansan don nuna abin da Faransa ta mallaka. Can ma aikin hannu aka nuna, amma a matsayin shaidar cewa masu yinsa suna baya. Yau kuwa kalmar nan ta aikin hannu ita ake bugawa a kwalin alƙalami don a ninka kuɗinsa. Masaƙi da baduku na wancan zamani ba su ga ko ƙyallin wannan daraja ba.

Kada a ɗauka muna raina masu ƙera waɗannan alƙaluma. Wanda ya shafe shekaru yana koyon goge baki har ya iya, ya cancanci ladan guminsa, kuma abin da ya yi yana gyaruwa: a wanke shi, a sake masa robar tawada, jika ya yi rubutu da na kakansa. Abin takaicin shi ne da yawansu ba sa taɓa shan tawada. Mai saye yakan adana shi cikin kwalinsa, domin da zarar an yi rubutu da shi darajarsa a wurin masu tara irinsa ta ragu. An sayi doki an ɗaure a turke.

Dattawanmu da suka yi makarantar boko a zamanin Faransa suna tuna bakin alƙalami na Sergent-Major da tawada mai ruwan shuni a ramin tebur, da bulalar da ɗigon tawada ke jawowa. Wancan ɗan ƙarfe jikan na Bamingham ne. Bik kuma, wanda Marcel Bich ya fitar a 1950, makarantun Faransa ba su yarda da shi ba sai a 1965, don malamai na ganin zai lalata hannun yara. Shi ne yanzu mai tebur yake sayarwa a bakin makaranta kan ƴan daloli, yaro ya tauna murfinsa, ya ɓatar da shi, a saya masa wani.

Gidan gilashin kuwa an kwance shi bayan biki, aka sake kafa shi a kudancin Landan, inda gobara ta cinye shi a daren 30 ga Nuwamba, 1936. Ribar da aka samu a 1851 da ita aka sayi filin da aka gina gidajen tarihi da makarantun kimiyya na unguwar Kensington ta Kudu, kuma hukumar da aka kafa don shirya bikin har yau tana ba ɗaliban kimiyya da ƙere-ƙere tallafin karatu daga wannan dukiya.