Kafin ka ci bashi a kan filasma inci 55, tsaya ka ji

Yau ba gyaran waya zan koyar ba, faɗa zan yi, kuma da kai nake, kai da kake shirin aure bayan kaka, ko kake shirin kai 'yarka ɗaki, har ka ƙulla a ranka cewa inci 55 ko a fasa.

Yanzu a ƙasar Daura, daga cikin gari har Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, 'yan ganin ɗaki suna shiga bango suke fara kallo, tambayar farko kuma ita ce inci nawa ce. Saboda wannan tambayar wani ya sayar da geron da iyali za su ci da bazara, wani ya roƙi uwar adashi ta ba shi kwasa kafin lokacinsa. A je Sabon Gari a Kano a ɗauko ƙaton kwali, a biyo ta Kazaure ana addu'a kar ya fashe, a liƙa a bango, a jona da wayar nan mai kai uku. Sai hoto ya fito dishi-dishi, fuskar ɗan wasa kamar an shafa mata kunu, har tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ta gidan baba ta fi ta kyan gani. Nan take sai a ce mai shago ya yi cuta. Wani lokacin ya yi ɗin, zan zo kansa. Amma sau tari kai ka cuci kanka, da kuɗinka, da ƙafarka.

Sunan ma bari in taɓa shi a gurguje. Abin da muke kira filasma ba filasma ba ce. Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ta ainihin tun 2014. Wadda ke kasuwa yau LED ce, wato gilashi ne da fitilu a bayansa, kusan irin sikirin ɗin wayarka. Ba zan hana ka kiranta filasma ba, ni ma haka nake cewa.

To ga inda maganar take. Inci girma kawai yake nunawa, ba ruwansa da tsabtar hoto. Hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel, yawansu ne ke sa ka ga gashin gemu ɗai-ɗai ko ka ga baƙi kawai. Tsohon tsarin da tashoshinmu suka taso a kai yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Full HD yana da 1920 da 1080, wato ninki biyar cif. 4K kuwa 3840 da 2160 ne, sama da miliyan 8, ninki ashirin na tsohon tsari. Ka riƙe wannan lissafin da kyau. Idan ka sayi 4K ka ba ta hoton tsohon tsari, kowane ɗigo ɗaya sai ta shimfiɗa shi ya rufe gurbin ashirin. Kamar ka auno nono ludayi ɗaya ka tsinka shi da ruwa har ya cika ƙwarya. Ƙwarya ta cika kam, amma ba nono ka sha ba.

Mu masu gyaran waya kullum muna ganin wannan. Fim ɗin da kake kallo tar a wayarka mai inci 6 da rabi yana kyau ne saboda an matse ɗigon a ɗan fili. Shi ɗin dai ka ɗora shi a bango, sai duk aibinsa ya fito. Ƙaramar talabijin tana rufa wa mugun hoto asiri, babba tona shi take yi.

Yanzu leƙa bayan talabijin ɗinka. Idan abin da ya haɗa ta da risiba waya ce mai kai uku, rawaya da fari da ja, to wallahi ko inci 100 ka saya ba ka taɓa ganin HD a gidanka ba. Farin da jan sauti suke ɗauka, rawayan shi kaɗai ke ɗauke da hoto, kuma ba ya iya wuce layi 576 ɗin nan, haka aka ƙera shi tun zamanin bidiyo mai kaset. Wayar HDMI ce ke ɗaukar HD, kuɗinta kuma bai kai na tiren shayi da ake saya wa amarya ba. Gida nawa ne aka kashe dubban ɗaruruwa a kan gilashi aka kasa sayen wannan 'yar wayar? Abin haushin, yawancin risibobin yanzu suna da ramin HDMI a baya, ƙura ce kawai ta cika shi. Ka jona, ka danna Source ko Input a rimot ka zaɓi HDMI, sannan ka shiga saitin risibar ka mayar da hoto 1080. Kuma kar wani ya ce maka akwai HDMI ta musamman mai kan zinare da ke ƙara haske. Ta banza da ta tsada, in dai duk suna aiki, hoto ɗaya za su ba ka a 1080.

Bayan waya sai tashar kanta. Mutane da yawa sun ɗauka dijital da HD abu ɗaya ne. A'a. Gwamnati ta ƙaddamar da komawa tsarin dijital a Jos a 2016, aka zo Kano a 2021, amma dijital yana nufin hanyar aiko da hoto ne kawai, ya daina yayyafi da rawa. Tasha tana iya zama dijital kuma tana watsa 576. In haka ne, ko ka saita risiba a 1080, shimfiɗawa kawai za ta yi, ba za ta ƙirƙiro abin da ba a aiko ba. Ka zauna ka lissafa tashoshin da ake kallo a gidanka da gaske, na wa'azi, na finafinan Hausa, na labarai, na yara, ka danna Info a kan kowace. Risibobi da yawa suna nuna lambar. Abin da ka gani shi zai gaya maka ko kana da abincin da za ka ba babbar talabijin.

Sai kuma babbar hanyar kallonmu, wadda masu tallar 4K ba su san da ita ba: filasha da memori daga wajen masu turi. Ba laifinsu ba ne, ka kawo memori ƙarami ka ce a cika maka shi da fassarar Indiya da Labarina da Izzar So, dole su ba ka waɗanda aka matse don waya. Fim ɗin awa biyu da rabi da bai kai rabin giga ba, me kake tsammani a inci 55? Haka bidiyon biki da na hawan Sallar Gani da ake turowa ta WhatsApp, manhajar tana matse shi kafin ya iso. In kana so ya yi kyau a bango, ka ce a turo maka shi a matsayin Document, ko ka karɓa ta Xender hannu da hannu.

Za ka ce ai Smart ce, YouTube zan riƙa kallo. Madalla. YouTube da kansu sun ce 1080 yana son intanet mai gudun megabit 5 a daƙiƙa, 4K kuma 20. Netflix sun ce HD yana iya cin giga 3 a awa ɗaya, 4K har giga 7. Kai da kake sayen data ta sati kana lallaɓawa, kana kashe ta in za ka kwanta? Kwana biyu za ka yi kana burga, a na uku ka mayar da ita 360 da hannunka, ka koma kan kunun da muka fara da shi.

Akwai kuma ɗakin. Yawancin ɗakunanmu ƙafa 12 ne a kan 12, falon ma sau da yawa bai wuce haka da yawa ba, ga kujeru, ga shokes, wani wajen har da gado. Idon ɗan'adam yana da iyaka. Mai lafiyayyen ido in ya zauna nesa da inci 43 fiye da kamar mita 1.7, ba zai iya bambanta Full HD da 4K ba. A inci 55 iyakar tana wajen mita 2.2. Inci 32 kuwa, wadda yawanci ɗigonta 1366 da 768 ne, daga mita biyu zuwa sama tsaf take. Ma'ana in kujerarka tana mita uku daga bango, kuɗin da ka ƙara saboda tambarin 4K a kan inci 43 sadaka ka yi wa mai shago, ba ko lada. In kuma ɗakin ƙarami ne ka cusa 55 kana kallon 576, kusancin ne zai sa ka riƙa ƙirga murabba'ai a fuskar mutane.

Wuta fa? Ba sai na faɗa maka yadda take ba, a gari ɗaya muke. Inci 55 faɗin gilashinta ya kusa ninka na inci 32 sau uku, duk kuma fitilu ne ke haska shi. Inci 32 yawanci tana cin watt 30 zuwa 50, inci 55 takan kai 100 ko ta wuce, an rubuta a takardar da ke bayanta, ka duba. Ɗauki batirin sola na 12V 100Ah irin na ruwa ko na gel. A rubuce watt 1200 na awa ɗaya ne a ciki, amma in kana so ya yi ƙarko rabi za ka riƙa sha, 600 ke nan. Ƙaramar da risibarta za su kai ka wajen awa goma. Babbar, in ta yi awa biyar ka gode Allah, ba a sa fanka ba, ba a yi cajin waya ba, a watan Afrilu kuwa ka san tsakanin fanka da fim wa zai ci zaɓe. Ga wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa ta dawo da ƙarfi. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a inci, bai bar na sitabilaiza ba, shi ne ke sallama wajen masu gyara kafin amarya ta yi haihuwar fari. Fitilun baya da bangaren wuta ana gyarawa. Gilashin kuwa in yaro ya jefe shi da kofi, kuɗin sabonsa kusan kuɗin wata talabijin ne, kuma gwargwadon girma gwargwadon kuka.

Kar ka ce na tsani babbar talabijin. Mai gidan kallon ƙwallo dole ya sayi babba, mutum hamsin ne a benci, na baya ma ya biya kuɗinsa. Wanda yake da falo mai faɗi, da risibar DStv ta HD, da sola mai ƙarfi, yana kallon Firimiya ta HDMI, ya sayi 65 ma, Allah ya sa alheri, zan zo kallo. Faɗana da wanda ya fara daga ƙarshe ne. Ka fara da wuta, sai risiba da waya, sai abin da za ka kalla, inci shi ne na ƙarshe. Mu kuwa mun juya abin.

Na san amsar da ke bakinka: ai ba don hoto ake saye ba, don fita kunya ne, kar dangin miji su raina. Hajiya, ke nake wa wannan. 'Yan ganin ɗaki wuni ɗaya za su yi su watse, kuma ko 75 kika sa sai wata ta ce ta gidan wance ta fi. 'Yarki ce za ta zauna da ita shekara da shekaru, ba wuta, ba data, tana goge mata ƙurar hunturu. Bambancin kuɗin 55 da 32 zai iya kawo mata ɗan faranti na sola da batir da fanka, ko keken ɗinki ta riƙa juya taro da sisi. In ango ne mai saye, kai ma ka ji, bashin da ka ci ba ya cikin hotunan biki amma shi zai riga kowa tarewa.

To, in ka ji duk wannan ka shirya saye, kar ka je kasuwa ba tef ɗin tela a aljihunka. Ana auna talabijin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, gilashin kawai, ban da bakin roba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Don haka 32 za ta ba ka santimita 81, 43 ta ba ka 109, 50 ta ba ka 127, 55 kuma kusan 140. Akwai kwalayen da aka buga 43 ɓaro-ɓaro, ka auna ka ga 101 ko 102, wato 40 ce aka yi wa ƙarin girma. An fi samun haka a marasa suna da waɗanda aka kwaikwayi sunan babban kamfani aka canza harafi ɗaya, ko a Kano ne, ko Katsina, ko kasuwar Mai'adua. Sitikar 4K kuwa kowa na iya bugawa, har akwai masu rubuta cewa tana karɓar 4K, alhali gilashin nata 768 ne. Ka juya bayanta ka kwafi lambar samfurin, ka bincika a Google nan take a gaban mai shagon. In ba ta fito a shafin kamfanin da aka ce shi ya ƙera ba, ajiye masa kayarsa.

Ka tafi da filasha mai abu uku: hoto fari fat, hoto baƙi wuluk, da bidiyo guda na 1080 na gaske. Farin zai nuna maka tabo da inda fitila ta mutu, baƙin zai nuna ɗigon da ya maƙale yana haske, wannan ya fi muhimmanci in ta hannu ce 'yar Beljiyam. Kar ka yarda da bidiyon furanni da tsuntsaye da suke kunnawa a shago, an yi shi ne don ya sayar da kaya. Ka sa a gwada kowane ramin HDMI ɗaya bayan ɗaya, sannan a rubuta maka inci da lambar samfurin da kwanakin garanti a kan rasit kafin ka tura kuɗi.