Giyar inabi da siyasar teburin cin abinci a Faransa

A watan Janairun 2016, lokacin da shugaban Iran na wancan zamani Hassan Rouhani ya kai ziyara birnin Paris, an sanya hannu kan yarjejeniyoyin ciniki na biliyoyin yuro, ciki har da ta share fagen sayen jiragen saman Airbus 118. Amma shi da mai masaukinsa François Hollande ba su ci abinci tare ba.

Kafofin watsa labaran Faransa sun ruwaito cewa Iraniyawa sun nemi a ba su naman halal, a kuma kawar da giyar inabi daga teburin baki ɗaya. Fadar Elysee ta ƙi amincewa da kawar da giyar. An ce ta ba da shawarar a yi karin kumallo, tun da ba a kawo giya da safe, su kuma baƙin suka ga hakan ƙasƙanci ne. Daga ƙarshe shugabannin biyu sun gana da rana, bayan lokacin cin abinci ya wuce.

Kwanaki kaɗan kafin nan, a birnin Rum, Italiyawa ba su kawo giya a liyafar da suka yi masa ba, har ma suka rufe wasu gumakan tsiraici a gidan tarihi. Italiya ma ƙasar inabi ce, tana gogayya da Faransa wajen yawan giyar da ake yi. To me ya sa Faransa ta kafe? Ba kuma karon farko ke nan ba: a 1999 irin wannan taƙaddama ta sa aka ɗage ziyarar Shugaba Muhammad Khatami daga watan Afrilu zuwa Oktoba.

Amsar tana cikin yadda Bafaranshe ya ɗauki cin abinci. A wurinsa liyafa tana da tsari kamar na huɗuba, kowane sashe da gurbinsa. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya liyafar Faransawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma bayanin da aka amince da shi ya ambaci haɗa abinci da giyar da ta dace da shi. Ana farawa da abin shan buɗe ciki, sai abincin share fage, sai kifi ko nama da ganye, sai cuku, sannan kayan zaƙi.

Kowanne da abokin tafiyarsa. Farar giya ita ke raka kifi da sauran abincin teku, saboda ɗan tsaminta yana yanke ƙarni. Jar giya, irin ta yankin Bordo ko Burgandi, ita ake ajiyewa kusa da naman sa ko na rago, domin baurinta yana rage nauyin maiƙo a baki. Mai zaƙi irin ta Sauternes ana kawo ta da hantar agwagwa da aka yi wa kiwon ƙiba, ko da cukun Roquefort mai gishiri. Fara tana gaba da ja, sabuwa gaba da wadda ta shekara, marar zaƙi gaba da mai zaƙi. Akwai kuma ƙa'idar da ta fi kowace sauƙi, wato abincin yanki ya tafi da giyar yankin.

Ladubban ma suna da yawa. Baƙo ba ya zuba wa kansa, sai maigida ya zuba masa. Ba a cika kofin gilashin, ana tsayawa a wajen kashi ɗaya bisa uku, domin ƙamshi ya sami wurin taruwa. Ba a kai kofi baki sai an zuba wa kowa, an ɗaga an yi wa juna fatan lafiya, ana kallon ido. A gidan cin abinci, ɗan kurɓin da ake bai wa wanda ya yi oda don ya tabbatar kwalbar ba ta lalace ba ne, ba don ya faɗi ko ta yi masa daɗi ba. Buguwa kuwa a irin wannan tebur abin kunya ne.

Cikin wannan tsari akwai gurbin wanda ba ya sha. Ana zuba masa ruwa ko lemo, ba mai tilasta masa. Nicolas Sarkozy, wanda ya shugabanci ƙasar daga 2007 zuwa 2012, ba ya shan giya, amma kwalba ba ta bar teburin fadarsa ba. A nan ne hujjojin ɓangarorin biyu suka rabu. A ganin Faransawa, haƙƙin baƙo ya tsaya a kofinsa. A ganin Iraniyawa, zama a teburin da ake zagayawa da barasa shi ma abin ƙi ne, kuma hoton shugaban Jamhuriyar Musulunci a gaban kwalabe makami ne a hannun abokan hamayyarsa a Tehran. Shi ma Hollande yana da nasa lissafin: da ya janye kwalbar, da 'yan adawa sun ce ya sayar da aƙidar raba addini da mulki, wadda dokar 1905 ta kafa.

Ban da al'ada akwai kuɗi. A 2023 Faransa ta sayar wa ƙasashen waje giyar inabi da sauran barasa na sama da yuro biliyan 16, abin da ya sa wannan fanni ke cikin manyan masu kawo mata rarar ciniki, bayan jiragen sama. Teburin shugaban ƙasa tallan wannan haja ne. Rumbun giyar fadar Elysee, wanda aka kafa a 1947, ya kai kwalabe kimanin 12,000 kafin a yi gwanjon 1,200 daga ciki a 2013. Liyafar da aka yi wa Sarki Charles na Ingila a fadar Versailles a watan Satumban 2023 ta ci kusan yuro 475,000, kamar yadda kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta bayyana daga baya.

Sai dai abin da gwamnati ke karewa a gaban baƙi, 'yan ƙasa suna barinsa a gida. A farkon shekarun 1960 abin da kowane Bafaranshe ke sha a shekara ya haura lita 100; yanzu yana wajen lita 40. Binciken hukumar FranceAgriMer ya nuna cewa a 1980 kimanin rabin manya na shan giyar inabi kullum ko kusan kullum, amma a 2022 kashi 11 cikin ɗari kawai suka rage. Abin mamaki, sai a 1956 aka hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu.

Dalilan a fili suke. Doguwar hutun cin abincin rana ta gajarce, dokokin tuƙi sun tsananta, dokar Évin ta 1991 ta taƙaita talla, hukumar lafiya ta ƙasar kuma ta ƙiyasta cewa barasa na kashe mutane 41,000 a shekara. Matasa da yawa, idan ma za su sha, giyar sha'ir suka fi so. Jar giya ce ta fi jin jiki, domin ita ce ta dogara ga zaman iyali a kan nama, zaman da ke ƙara wuya.

'Yan siyasa dai sun san inda ƙuri'a take. A 2014 majalisa ta ayyana giyar inabi a matsayin wani ɓangare na gadon ƙasa, a 2018 kuma Shugaba Emmanuel Macron ya shaida wa 'yan jarida cewa yana sha rana da dare. Amma kalamai ba sa kwashe rarar da ta cika rumbuna. A 2023 an ware yuro miliyan 200 don mayar da giyar da ta yi kwantai zuwa sinadarin masana'antu, irin na wanke hannu da turare. A 2024 aka sake ware miliyan 120 don biyan manoma yuro 4,000 a kan kowace hekta ta inabin da suka tumɓuke, da sharaɗin ba za su sake dasawa ba har tsawon wasu shekaru.