Sojan Takarda Ya Fi Jarumin Ƙarya

Duk mai bibiyar littattafan yaƙi da ke fitowa a kasuwanninmu ya san yadda labarin yake tafiya. Jarumi zai zare takobi ya kutsa cikin runduna ta mutum dubu ɗari, ya yi ta sara da suka tun daga hantsi har la'asar. Doki bai nemi ruwa ba, kibau ba su ƙare a kwari ba, babu kuma wanda ya tambayi inda dakarun nan suka samu abin da suka karya kumallo da shi. In tatsuniya ce, to babu laifi. Amma marubucin da ya ɗauko yaƙin da aka yi da gaske, wanda kakannin mutane suka mutu a cikinsa, ya yi masa irin wannan riƙon sakainar kashi, wallahi ya ci amanar mai karatu.

Shawarata ga 'yan uwa ita ce, kafin mutum ya rubuta yaƙi, ya fara shimfiɗa shi a kan tebur da sojojin takarda, ya buga shi ya gani. Na san da jin haka wasu za su taɓe baki su ce, "Mu da furfurarmu za mu koma wasan 'yartsana?" To, da su nake magana.

Ku da kuke raina abin, kun san su wa suka yi shi kafin ku? A shekarar 1824 wani hafsan sojan Furushiya, wato ɓangaren Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi, da alƙali mai yanke hukunci. Rundunar ta karɓe shi a matsayin darasi ga hafsoshi. Da Furushiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka yi rububin kwaikwayo. Ta ɓangaren masu alƙalami kuwa, a 1826 mahaifin Charlotte da Emily Brontë ya sayo wa ɗan'uwansu sojojin katako goma sha biyu, a kansu yaran suka fara ƙirƙiro ƙasashe da yaƙe-yaƙe suna rubutawa. Robert Louis Stevenson ya yi wannan wasa yana magidanci. H. G. Wells kuwa littafi guda ya wallafa a kan dokokinsa a 1913. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi waɗannan sanin darajar lokaci?

Hujjar rashin kuɗi ma ba ta taso ba. Sojojin dalma suna da tsada, shi ya sa tun a ƙarni na 19 maɗaba'ar garin Epinal da ke Faransa take buga sojoji a jikin takarda, yara da manya su yanke su tsayar. Kwali da almakashi da gam da fensirin kala, su ke nan jarin.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A ce marubuci yana son ya rubuta yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yuni, 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da mataimaka daga Abzinawa. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu 'yan ƙasa ne masu kwari da baka, dawakinsu ba su taka kara sun karya ba. Duk da haka Gobirawa aka kora. Malalacin marubuci zai gama da wannan a layi biyu. Mai shirin tebur kuwa dole ya zauna da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi da Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, yana sane da cewa waɗanda suka ci nasara ne suka rubuta su, ya kuma nemi abin da Gobirawa suka adana a bakinsu.

Daga nan sai tsari. Ya zana filin: ga tabki, ga tudu, ga sarƙaƙiya. Ya yanke ma'auni, misali sojan takarda ɗaya a madadin mutum ashirin, kamu ɗaya a tebur a madadin taku ɗari. Ya rubuta dokoki da ba su wuce shafi guda ba: nisan da ɗan ƙasa zai ci a zagaye ɗaya, nisan da doki mai lifidi zai ci kafin ya gaji, inda kibiya ke kaiwa, yawan asarar da za ta sa runduna ta watse. Abin da ya rage na sa'a, a bar wa ƙuri'a. Sannan ya samu aboki ya riƙe masa ɓangaren Gobir da zuciya ɗaya, da mutum na uku ya yi alƙalanci. Kuma don Allah a fara da yaƙi ɗaya. Mai cewa zai yanka sojojin jihadi duka, daga Gudu har faɗuwar Alƙalawa a 1808, almakashi zai gajiyar da shi kafin ya buga ko sau ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Me za a samu? Tebur ba ya karɓar cika baki. Nan take zai tambaye ka: a ina maharban nan suka tsaya har dawaki suka kasa tattake su? Wa ya riga wani isa bakin ruwa? In ka buga sau biyar Gobir ta ci huɗu, ka san akwai abin da ba ka fahimta ba, sai ka koma ga littafi. Nan ne kuma za ka gane cewa nasara ba ta kasance tabbas ga kowa ba, domin jama'ar nan da ta yi rinjaye a Kwatto ta sha mummunar asara a Tsuntsuwa kafin shekarar ta ƙare. Marubucin da ya ɗanɗani wannan fargaba a tebur, shi zai iya sanya ta a zuciyar mai karatu.

Akwai masu cewa wannan wasa ne da jinin magabata. Damuwarsu abar girmamawa ce, kuma tana da magani: kada a zana surar Shehu ko ta wani shugaba, tuta ta wadatar a madadinsa, kada kuma a sa ko sisin kwabo, balle abin ya zama caca. Amma ina tambayarsu, wa ya fi wulaƙanta mamatan nan? Wanda ya kwana yana auna filin da suka faɗi, ko wanda ya mai da su ciyawar da jaruminsa ke yanka don littafi ya yi kasuwa?

Saboda haka ina kira ga rassan ƙungiyarmu, a taron wata mai zuwa a ware awa biyu, a share tebur guda, kowa ya zo da kwalinsa. Wanda ya ga wasan yara ne, ya zo ya riƙe rundunar Yunfa, mu ga yadda zai tsallake maharba. Allah Ya sa alƙalumanmu su faɗi gaskiya, amin.