Likita ɗaya, masu dubiya ashirin

Makon jiya na kai ɗan ƙanena wani asibiti a nan gabashin Sakkwato, bayan babur ya watsar da shi a hanyar Turba. Mun isa bayan Isha'i. Likita ɗaya ne a ɗakin emajensi, tun safiyar jiya bai ga gidansa ba. Yana ɗinke cinyar wani manomi da ɓarayin daji suka harba, nas na haska masa da fitilar waya saboda janareta ba mai. Gefe guda ga yaro na suma da zazzaɓi, ga mai naƙuda jini ya ɓalle mata.

Ana cikin haka wani Alhaji ya kutso da zugar mutane, ya kawo ƙaninsa mai ciwon kai. "Kai yaro, ka san ko ni wane ne?" Likitan bai ɗago ba, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, in tsayar da jinin nan." Wallahi ni na ji kunya.

Amma abin da ya fi ƙona min rai masu dubiya ne. Mara lafiya ɗaya, mutum ashirin a kansa, da tabarmi da kwanukan tuwo da filas ɗin shayi, kamar gidan suna. Kafin likita ya isa gado sai ya ce "gafara dai" sau goma. Kowa kuma sai ya tare shi daban: "Likita, ya jikin nasa?" Kawu ya tambaya, gwaggo ta tambaya, maƙwabcin gwaggo ma ya tambaya. Wani matashi ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyon mai rauni don Facebook. Da nas ta ce ana neman jini leda biyu, sai ɗakin ya yi fayau, kowa ya tuna bai rufe shago ba. Dubiya lada ce, malamai sun karantar da mu, amma su ɗin suka ce a gaida mara lafiya a taƙaita zama.

Mu kuwa a ƙasar Gobir mun fi kowa sanin darajar likitan dare. A Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya cikin mota. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Wa zai ratsa dajin Gundumi da tsakar dare ya kai mai rauni Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo? Likitan da ka tarar a Isa ko Sabon Birni shi ne gatanka.

Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar. 'Yan siyasarmu kuwa fenti suka iya: a shafa wa katangar asibiti, a yanka kirtani, in mura ta kama su sai Masar. Ga masu cewa sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa wanda aka harba, alhali doka ta hana haka tun 2017.

Da asuba muka fito. Likitan na zaune kan benci yana rama Magariba da Isha'i, Alhaji kuma yana bakin ƙofa yana waya, wai zai sa a canza wa likitan wurin aiki.