Aikin Hannu: Ƙafar tsohuwar mota a jikin amalanke

Wannan wata zancenmu na amalanke ne, musamman ƙafarsa.

A ƙasar Dakoro amalanke ya zama ɗan gida. Shi ke kai taki gona. Shi ke kawo damman hatsi da kara. Shi ke ɗauko ruwa daga rijiya, shi ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Makiyaya ma sun karɓe shi. In damina ta faɗi, shuka ta rufe ƙasa, masu dabbobi suka nufi arewa wajen kwarin Tarka da Bermo da Gadabeji, sai ka ga amalanke yana bin garke. An kafa masa rumfa da tabarmi ko tamfol. A ciki akwai tukwane, da jarkokin ruwa, da yara, da ɗan maraƙin da aka haifa jiya. In dare ya yi a kwance jaki, a tokare amalanke, ya zama ɗakin kwana. To, in ƙafa guda ta fita a tsakiyar daji, nesa da rijiya, ba kaya kaɗai suka tsaya ba. Iyali ne suka tsaya, ga rana, ga ƙishirwa.

Dattawa sun san lokacin da amalanke ke fitowa daga masana'anta. A shekarun 1970 da farkon 1980 ana ƙera shi a CDARMA ta Doso, da ACREMA ta Tawa, da UCOMA ta Damagaram, da SEFAMAG ta Maradi. Manomi yana karɓa bashi ta hanyar UNCC da bankin manoma CNCA, ya biya bayan kaka. A cikin shekarun 1980 wannan bashi ya tsaya. Sai aikin ya koma hannun maƙera da masu walda na garuruwanmu. Su kuwa ƙafar da suka samu ita suke ɗaurawa, wato ƙafar tsohuwar mota.

Tsofaffin motoci ba su yi mana ƙaranci ba. Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta fito da 404 a 1960, ta fito da 504 a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna, aka yi ta haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000. A shekarun 1970 da 1980 kuma Turawa sun riƙa tuƙo tsofaffin Fijo daga Faransa, su ƙetare hamada ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, su sayar a nan. Motocin sun mutu, amma ƙafafunsu suna nan jibge wajen masu sayar da tsohon ƙarfe a Maradi da Katsina da Kano. Ƙarfensu mai kauri ne, in ya lanƙwashe guduma tana miƙe shi. Shi ya sa nake ganin ƙafar tsohuwar mota ta fi ƙafar alminiyam ta motocin yanzu dacewa da amalanke. Ta alminiyam ba ta jure guduma, tsagewa take yi.

Kafin mu ci gaba, mu san sunayen abubuwa. Taya ita ce baƙar robar waje. Ƙarfen da ake sa tayar a kansa makanikai suna ce masa janti. Janti yana da ramuka. Ana ɗaura shi a kan wani dunƙulen ƙarfe mai kusoshi, wanda ke juyawa. Shi zan kira cibiya. A cikin cibiya akwai boris, wasu suna cewa rulma. Sandar ƙarfen da ta gitta ƙarƙashin amalanke, ta riƙe ƙafa biyu, ita zan kira ƙarfen gicciye.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, janti da cibiya su zama na mota iri ɗaya. Kada ka sayi cibiya yau, ka je neman janti wata kasuwa, kana cewa ƙafar mota duk ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce.

Ku duba. Ƙaramar Fijo 404 rami 3 gare ta. Amma 404 bashe, ta ɗaukar kaya, rami 5 gare ta. Ga suna ɗaya, ga ƙafa dabam. Ƙaramar 504 rami 4. Tsohuwar Land Rover rami 5. Tsohuwar Toyota Land Cruiser rami 6, sannan daga 1999 irin wadda ake shiga daji da ita ta koma rami 5. Ƙidayar rami ma ba ta isa ba. Renault 4 rami 3 gare ta kamar 404, amma da'irar da ramukanta suka zauna a kai milimeta 130 ce, ta 404 kuwa milimeta 160. Santimeta 3 ke nan tsakani. Ko ka yi ta bugu har magariba ba za ta shiga ba.

Akwai wani tarko da ya fi wannan. Da'irar ramukan 504 milimeta 140 ce. Ta tsohuwar Land Cruiser milimeta 139 da ɗan ɗoriya. Kusan ɗaya. In ka ɗora jantin mai rami 6 a kan cibiyar mai kusa 4, kusa biyu za su shiga daidai, biyu su ƙi. Nan ne wani zai ce maka: "Kawo in huda maka sauran biyun da wuta." Kada ka yarda. Ramin da masana'anta ta yi yana da baki mai gangare kamar mazurari, kan noti yana zama ciki daram. Ramin wuta ba shi da wannan mazauni, kuma da wuya ya faɗa daidai wurinsa. Kowane juyi janti yana ɗan motsi. Noti ya saki, rami ya yi faɗi, janti ya ci kusa har ta karye. Abin ba ya faruwa a ƙofar mai walda. Sai ka yi nisa, da kaya a sama.

Yaya za ka auna? In ramuka 4 ne ko 6, ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. In 3 ne ko 5, babu rami mai fuskantar wani. Sai ka nemi kwali ko takardar buhun siminti. Ka shafa baƙin mai a kan kusoshin cibiya, ka danna takardar, tabo ya fito. Ka huda wurin tabon, ka yanke ramin tsakiya daidai girmansa. Ka naɗe takardar a aljihu ka tafi kasuwa da ita. Duk jantin da ramukansa ba su hau kan na takardarka ba, ka bar shi, ko da mai shi ya rage maka rabin kuɗi. In cibiyar ba ta yi maka nauyi ba, tafiya da ita kanta ya fi. Ka sa jantin a gaban mai kaya, ka ɗaura noti duka, ka juya ka gani. Noti ma ka karɓi na wannan mota, don zaren kusa ya bambanta.

Ka duba jantin da kyau. Ramin da ya zama kamar ƙwai ya riga ya ciwu. Tsaga kusa da rami, ko tsatsar da ta ci bakin da taya ke zama, duk dalilin fasa ciniki ne. Ka kuma lura da zurfinsa. Wani janti yana shigewa ciki sosai, tayar ta riƙa gogar jikin amalanke. A bar tazarar yatsa uku tsakanin taya da ƙarfe ko katako. Wasu sukan juya janti ciki ya koma waje don su samu tazara. Wannan ma bai yi ba, don mazaunin noti ya koma baya. Gara a ƙara tsawon ƙarfen gicciye tun wajen ƙira.

Yanzu taya. Nan ne karatunku zai yi muku rana. A gefen kowace taya akwai lambobi. Za ka ga 165 R 15, ko 185 R 14, ko 7.50-16. Lambar ƙarshe ita ce girman janti da inci. Ƙaramar 404 janti 15 ne, ƙaramar 504 janti 14, tsohuwar Land Rover janti 16. Tayar 14 ba ta hawa janti 15. Tayar 15 kuwa ba ta zama bisa janti 14. In ka ga 6 PR ko 8 PR, ƙarfin jikin tayar ake gaya maka, kuma 8 ta fi 6 ɗaukar kaya. Ga mu masu bin daji mai ƙayar aduwa da bagaruwa, taya mai kauri ita ce taya. Amalanke ba ya gudu, saboda haka ko zanenta ya suɗe ba laifi. Abin gudu shi ne gefe mai tsattsagewa, ko kumburi, ko waya a waje. Ƙafa biyun su zama lamba ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amalanke zai karkata, nauyi ya taru gefe guda, kuma dabba ce za ta biya da bayanta.

Wace ƙafa ta fi? Ƙasarmu rairayi ce. Doguwar ƙafa ta fi gajera tafiya cikin rairayi. Tayar 7.50-16 tsayinta ya kai wajen santimeta 80, ta 165 R 15 wajen santimeta 65. Ga amalanken shanu biyu, ni 16 nake zaɓa, mai rami 5 ko 6. Ga jaki guda kuwa, 16 ta yi nauyi, kuma tana ɗaga amalanke har sandunan ja su sunkuya su danne jaki. Jaki 14 ko 15 ta ishe shi. Mai rami 3 ba ni son ta ga amalanken ƙaura. In noti guda ya ɓace, biyu kaɗai suka rage. Sannan ka tambayi kanka, wace taya zan samu a Dakoro ko Kornaka in tawa ta fashe? Janti mai kyau wanda tayarsa sai an je Kano, ado ne kawai.

A wajen walda akwai abu uku. Na farko, a cire boris kafin a liƙa ƙarfen da cibiya ke juyawa a kansa, don zafi da wutar walda suna kashe boris. Na biyu, ƙafafun su tsaya sosai, suna kallon gaba ɗaya. Ka ɗauki igiya ka auna tsakanin taya da taya ta gaba, ka auna ta baya. Awon ya zama ɗaya. In ya bambanta, taya za ta riƙa jan ƙasa, dabba tana gajiya ba ka san dalili ba. Na uku, ƙarfen gicciye ya ɗan koma baya kaɗan daga tsakiyar amalanke, don nauyi kaɗan ya sauka a kan dabba. In ya koma baya da yawa ya danne ta. In ya yi gaba, kaya su rinjaya baya, su ɗaga jaki sama yana shure-shure. Kowa ya taɓa ganin haka a hanyar kasuwa, yara suna dariya, mai jaki ba ya dariya.

Wasu sukan ɗauko ƙarfen bayan mota gaba ɗaya, da tulun haƙoransa na tsakiya. Yana da ƙarfi, amma nauyin banza ne ga jaki, kuma tulun yana tokarar tudun rairayi a tsakiyar hanya.

Gargaɗi biyu na rai. Kada a taɓa janti da walda alhali taya tana kansa, ko an sace iskar. Zafi yana tayar da iska a ciki, tayar ta fashe. Haka an rasa rayuka a wurare da yawa. Sannan wasu jantin 16 na tsohuwar Land Cruiser suna da zobe mai cirewa a baki. In zoben bai zauna daidai ba aka buga iska, yana tashi da ƙarfin da zai fasa kan mutum. Mai irinsa ya kai wa mai faci da ya san shi, kuma kada kowa ya tsaya a gaban zoben ana buga iska.

Boris kuwa rairayi ne maƙiyinsa. Giris da rairayi in sun haɗu sun zama dutsen niƙa. A cika boris da giris mai tsabta. A ɗaure babban notin tsakiya har ƙafa ta daina girgiza, a ɗan sassauta kaɗan don ta juya da sauƙi, a soka ƴar kusar da ke hana shi warwarewa. A mayar da murfi. In murfin ya ɓace, gwangwanin tumatir da ya yi daidai da bakin yana tare ƙura kafin a samu na gaske. Bayan tafiya ka taɓa cibiya da hannu. In ta yi zafi, ko tana kuka, boris yana neman giris ko ya mutu. Notin janti a ɗaure su ana tsallakawa, wannan sannan na gabansa, ba a jere ba. Bayan yinin farko a sake bin su.

Mu yi ɗan lissafi. Amalanken jaki na masana'anta kilo 500 aka yi shi ya ɗauka, na shanu kilo 1000. Litar ruwa guda kilo guda ce. Tano mai lita 200 kilo 200 ke nan, ban da nauyin tanon. Tano biyu da buhun hatsi mai kilo 100 sun kai 500. Ba a sa tukwane ba, ba a sa yara ba. Ƙafar mota za ta ɗauka, amma a cikin rairayi jaki guda ba zai kai ko'ina da wannan ba. A rage, ko a ƙara jaki. Kuma amalanken dabba ba shi da birki. Kada a ɗaura shi bayan mota a hau kwalta da shi.

Mai shirin tafiya arewa bana ya sa waɗannan cikin buhu guda: mabuɗin noti da ya yi daidai da nasa, famfon iska, robar ciki guda sabuwa, faci da gam, noti biyu ko uku na ajiya, boris guda, da ɗan gwangwanin giris. Takardar nan mai tabon ramuka ma a ajiye ta, a rubuta lambar taya a bayanta. In abu ya lalace a daji, yaro zai iya tafiya gari da ita ya sayo abin da ya dace.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.